Mazari da Keken Ɗinkin da Ba Zare

Ke kin san wadda ta koya wa uwarki tafiya? Tun ɗazu kike cika mini kunne, wai an sa ɗanki a ajin rawa a makaranta, wai malamarsu ta ce rawa tana buɗe wa yaro kai, tana ƙarfafa masa ƙashi, tana koya masa zama da mutane. Har da wani ɗaki mai madubi bango guda. Madubi. Yaron da ko majina bai iya sharewa ba, me zai kalla a madubi? Miƙo mini matashin nan in jingina, in ba ki labarin wadda ta riga malamar taku, kuma ita ko madubin shafa hoda ba ta da shi.

Ƙanwar kakanki ce. Uwarki Gwaggo take ce mata, mu kuwa Mazari muke ce mata, don tun da na san ta ban taɓa ganin jikinta ya tsaya wuri guda ba. Ko gaisuwar mutuwa aka je, sai kin ga babban yatsan ƙafarta yana motsi a ƙarƙashin zane. Allah ya jiƙanta, amma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, mace ce marar kan gado. Aure biyu ta kashe kafin ta faɗo mana. Na fari mai gyaran rediyo ne, kuma shi ya jawo wa kansa, don duk rediyon da aka kawo gyara sai ta kunna wai ta ji ko ya gyaru, tukunya na can tana ƙonewa. Na biyu mai gadi ne, ya kwana wurin aiki ya dawo zai ɗan runtsa, ita kuma tana shara tana buga gindin tsintsiya a jikin ƙofa kamar an ɗauko ta kiɗa. Shi bai ma daɗe ba ya haɗa mata kayanta.

Sai ga ta a gidan hayar da muke, da akwati guda da keken ɗinki. Gidan ɗakuna ne a jere suna kallon juna, simintin tsakar gida duk ya farfashe, famfo ɗaya a tsakiya, igiyar shanya ta ratsa an tokare ta da sanda. A ƙofar gida akwai wata kwata mai faɗi, an ɗora mata siririn katako ana takawa. Kakanki kafinta ne, rumfarsa na can bakin titi. Ya ce ƙanwarsa ce, ina za ta je? Na ce ni ban ce komai ba. Ya ce ai fuskarki ta gama faɗa. Aka ba ta ɗan ɗakin da muke zuba tarkace, ta kafa kekenta a baranda, daidai tagar ɗakina.

Wai ita tela. Ta ɗinka mini riga, hannu ɗaya ya wuce yatsuna, ɗaya ya tsaya a gwiwar hannu. Na ce, Mazari, wa kika auna? Ta ce, "Matar yaya, ke ce a karkace, riga lafiyarta ƙalau." Nan da nan unguwa ta gane ta, ba mai kawo mata komai sai facin wando. Matsalarta, ƙafarta ba ta bin ɗinki, ɗinkin take so ya bi ƙafarta. In ta hau taka keken nan, sautin ya yi mata daɗi, cakacak cakacak, shi ke nan ta manta akwai allura a sama. Daga baya ma ta daina wahalar da kanta. Ta zare zare, ta cire allura, ta riƙa taka shi haka nan. Babbar mace zaune tana ɗinka iska.

To a lokacin uwarki na ɗaki. Kin taso kin ga tana ɗan jan ƙafar hagu, kina tsammanin tun farko iyakar abin ke nan. Ba haka ba ne. Zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama, da ya sauka sai ya tafi da ƙafar. Shan inna. A asibiti likita ya ce ƙafar ba za ta dawo kamar da ba, amma ba ta mutu ba, a riƙa tsayar da ita kullum ana sa ta takawa. Ya nuna mana yadda za a yi. Shi ya faɗa ya kira na gaba, ni aka bari da kuka. Ina tsayar da ita tana ƙanƙame ni tana ihu kamar ana yanka ta, maƙwabta na leƙowa. Na bari. Na ce wadda za ta iya ta zo ta yi. Na koma goya ta, ƙafafunta har suna dukan bayan gwiwata. Kakanki kuma ya ƙera mata wani ɗan katako mai tayoyi, ta zauna a kai tana turawa da hannu. Har fenti ya yi masa, shuɗi.

Sa'o'inta duk sun shiga makaranta, har ƙannensu sun bi su. Hedimasta ya tsaya a rumfar kakanki ya ce a kawo ta mana. Kakanki ya ce da wace ƙafar za ta haye kwatar, kuma shi ba zai kai 'yarsa inda za a mai da ita abin kallo ba. Da aka matsa masa ya ce ranar da ta fita ƙofar gidan nan da ƙafarta, ranar zai kai ta da kansa. Irin maganar da mutum ke yi don a ƙyale shi. Yarinya kuwa ta koma kamar ba ta a gidan. Baƙo ya shigo, sai ta tura katakonta bayan ƙofa. In ba ni ko ubanta ba, ba mai jin muryarta. Abinci sai an yi da gaske, barci rabi da rabi.

Yaran gidan da na maƙwabta kuwa, da sun dawo makaranta sun jefar da jaka, sai barandar Mazari. Ba ta kira kowa ba, keken ne ya kira su. Ta jera su layi ɗaya, dokarta kuma ba ta canzawa. Wanda ke gaba, duk abin da ya yi sai kowa ya yi, daidai da bugun keke. Ya ɗaga hannu, a ɗaga. Ya sosa ƙeya, a sosa. Ya yi atishawa, a yi. Ya faɗi, kowa ya zube. An zagaya famfo an dawo, na gaba ya koma baya, na bayansa ya karɓa. Wanda ya yi nasa daban, ko ya yi wa na gaba dariya, ya je ya zauna kan kifaffen bokiti sai an zagayo. In ta ɗauke ƙafa keke ya tsaya, kowa ya daskare yadda yake, ko da ƙafa ɗaya a sama.

Na ce mata, wannan kuma sunansa me? Ta ce makaranta. Na ce makarantar shashanci. Ta ce, "Zo in sa ki a aji, matar yaya, ko ƙugun nan naki ya tuna yana motsi."

An dai ga wasu abubuwa, ba zan ɓoye ba. Ɗan mahauci, yaron da ba ya iya jiran a zuba masa ruwa sai ya fizge kofin, ya koyi tsayawa a layi har nasa ya zo. 'Yar mai wanki da ake cewa miƙo da dama ta miƙo hagu, ta gane hannayenta. Tagwayen matar mai shago da ke wuni suna cizon juna, da magariba sai su zube kamar buhu. Uwayen suna jin daɗi an ɗauke musu hayaniya, amma ba wadda ta taɓa leƙowa ta ga me ake yi, balle ta ce sannu.

Uwarki tana kallo ta bakin ƙofa. Mazari ba ta taɓa ce mata zo ba. Abin da take yi, duk sanda layi ya zagayo sai ta ce, "Layin uwar ɗakina ne," don haka take kiran uwarki. Ta ci gaba da taka keke, yara su juya suna kallon ƙofarmu. Uwarki ta noƙe, su ma su noƙe. Ta rufe fuska da hannu, duka su rufe. Ta leƙo ta tsakanin yatsu, sai ta ga tsakar gida cike da idanu a tsakanin yatsu. Ran nan ina tsintar shinkafa na ji wani sauti a bayan ƙofa, na zabura na ɗauka shaƙewa ta yi. Ashe dariya ce.

Ni fa ban so ba. Na ce, Mazari, ki fita harkar 'yata. Ta ce, "Ke haihuwa kika yi, jinin namu ne."

A hankali uwarki ta fara fitowa kan katakonta. Layinta ya zo, yara duk su zauna a siminti suna ja da gindi. Wanduna suka yayyage, wannan ne kaɗai lokacin da sana'ar Mazari ta yi kasuwa. Sai uwarki ta ga a zaune ba a iya juyi irin na 'yar mai wanki. Ta kama sandar igiyar shanya ta miƙe. Yara kowa ya nemi abin kamawa. Ta faɗi, duka suka zube suna ƙyaƙyatawa, har da ita. Abin da likita ya ce a yi tana ihu, ga shi tana yi da kanta ba wanda ya sa ta. Na fito da gudu zan ɗauke ta, Mazari ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Wanda ba ya layi ba ya shiga fili." A gidan mijina fa.

Da uwarki ta fara sakin sandar, takunta ya zama iri guda. Ta taka da dama, ta jawo hagu, ƙugu ya karkata, sai ta tafa hannu ta daidaita. Taka, ja, karkata, tafa. Mazari ta sassauta keke ta bi ta. Abin haushi kuma, takun ya fi na kowa daɗin kallo. Yara suka mutu a kansa, layin kowa ya zo shi yake yi. Duk wannan kakanki bai sani ba, yana rumfa sai magariba, kuma a lokacin iyakarta daga sanda zuwa famfo. Ni ban faɗa masa ba, don in na faɗa kamar na yabi Mazari ne.

Su kuwa yara ba su bar takun a gida ba. Na fito za ni kasuwa, sai na ga ɗan mahauci a bakin titi yana jan ƙafar hagu yana karkata ƙugu, abokansa na bin sa a baya. Ba keke, ba Mazari, a gaban jama'a. Ni a ganina 'yata yake kwaikwaya. Na kama kunnensa na murɗe, na ƙara masa da guda a gadon baya. Ko yau na gan shi da gemunsa ban ce ba zan ƙara ba.

Ashe uwarsa ta riga ta ga jan ƙafar a gida, ita kuma nata tunanin daban. Ta ce masa ƙafar ciwo take? Ya ce a'a. Ta ce ai haka take farawa. Ta ja shi kemis aka danna masa allura, ya fito yana ɗingishi na gaske. Matar mai shago ta duba tagwayenta, su ma suna ja. Mai wanki ta duba tata. Nan take magana ta zaga unguwa, wai ciwon 'yar kafinta yana yaɗuwa, kuma a famfonmu yake. Mata suka daina ɗibar ruwa, suna tafiya can bayan makaranta da bokiti a ka. Manyan mata da hankalinsu, ba wadda ta zaunar da ɗanta ta ce wa ya koya maka wannan. Yaran kuma da suka ga an fara ba su madara da ƙwai, sai suka ƙara jan ƙafa.

Da rana tsaka suka zo mana. Matar mai gidan hayar ce a gaba, matar mahauci na bayanta, kowace riƙe da nata majinyacin, wasu sun toshe hanci da mayafi kamar mushe ne a gidan. Aka kira kakanki daga rumfa, ya shigo da zarto a hannu, garin katako a gashinsa. Matar mai gida ta ce ko mu kai yarinyar wani wuri, ko mu tashi gaba ɗaya. Matar mahauci ta ce bayan cutar ma an dokar mata ɗa. Na ce ni na doka, in da saura a kawo uban. Kakanki ya ce in yi shiru. Ya sunkuya ya ɗauki uwarki da katakonta ya kai ɗaki ya ja ƙofa. Na kalli fuskarsa na san ya gama yankewa. Yarinyar nan ba makaranta ba, ko tsakar gida ta gama fita.

Duk abin nan Mazari na zaune tana ɓare gyaɗa. Ta karkaɗe zane, ta ɗora ƙafa a keke. Cakacak cakacak. Yaran nan suka fizge daga hannun uwayensu kamar kaji sun ji an watsa hatsi, suka jeru. Ta ce, "Ɗan mahauci, kai ne gaba. Tsallen kwaɗo." Yaron da aka ce ƙafarsa ta shanye ya yi tsalle har ya kusa taɓa igiyar shanya. Tagwaye suka bi. Duk marasa lafiyar unguwa suka zagaye famfo da tsalle. Ta ɗauke ƙafa, suka daskare.

Ta ce, "Waɗannan sun warke. Akwai saura a gida?"

Kina tsammani kunya ta kama su? Ba ki san mata ba. Matar mahauci ta ce, au, ashe gurgunta ake koya wa 'ya'yan mutane. Matar mai shago ta ce in yaro ya saba ƙafar ta zauna haka fa, wa zai biya ta? Kakanki kuwa sai a lokacin ya gane wa ake kwaikwaya. Ya juya kan ƙanwarsa, ban taɓa jin ya yi mata tsawa ba sai ranar. Ya ce, "'Yar tawa kika mayar abin wasan yara?"

Ta ce, "Yaya, ba wasa suke da ita ba, bin ta suke yi."

Ya ce ta tashi daga kan keken nan. Ba ta tashi ba. Kin san taurin kan gidanku. Ta ci gaba da takawa a hankali, ta ce na gaba ya karɓa. 'Yar mai wanki ta matso.

Sai ƙofarmu ta buɗe.

"Ba ita ba ce. Layina ne."

Uwarki ce, da murya har bakin ƙofar gida. Wasu cikin matan nan ba su taɓa jin maganarta ba, sun ɗauka bebiya ce. Tana tsaye riƙe da ƙofa, katakon na gefenta ko kallonsa ba ta yi ba. Ta saki ƙofar. Taka, ja, karkata, tafa. Yara suka buɗe mata ta shiga gaba. Na yunƙura zan bi ta, kakanki ya damƙe mini hannu, ya manta da zarto a hannunsa, ga tabon nan, duba. Ta zagaye famfo. Maimakon ta koma baya ta ba wani, sai ta miƙe hanyar fita. Matan suka dare mata. Mazari ta ƙara wa keke ƙarfi don sautin ya kai waje.

A bakin kwata ta tsaya, layi ya tsaya. Ta ɗora dama a kan siririn katakon nan, ta jawo hagu, katako ya fara lilo. Ta buɗe hannu biyu kamar mai shanya zane, yara a bayanta duk suka buɗe. Ta sake takawa, ta sake ja. Ta haye. A can gefen titi ta zauna daɓas a ƙasa, layin duka ya zube, har da ɗan mahauci a kan allurarsa.

Kakanki ya saki hannuna. Ya ajiye zarto, ya tafi rumfa ya dawo da katako masu faɗi, ya yi wa kwatar gada har da abin riƙewa. Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa ya kai ta makaranta. Hanyar da mutum ke yi kafin shayi ya huce, suka yi ta har rana ta ɗaga, yana gefe tana gefe, bai ɗauke ta ba. Sauran kin sani. Ta yi karatu, ta yi shekara da shekaru tsaye gaban aji a kan ƙafar nan tana koyar da 'ya'yan mutane, ta haife ku.

Amma matan ba su yafe ba, don har mazajensu sun yi musu dariya. Matar mai gida ta ce ta ji, yarinya ta zauna, amma keke ya bar mata gida, wai ƙararsa ce ke fasa mata siminti. Simintin da ya fashe tun kafin a haifi Mazari. Aka hana yara zuwa. Kakanki ya ce ta kai keken rumfarsa, ta ce ita ba ta ɗinka wa katako riga. Ana haka sai wani direban babbar mota da ke kawo wa kakanki katako ya ce yana son Mazari da aure. Na ce masa, bawan Allah, an faɗa maka halinta? Ya ce shi kullum yana kan hanya. Na ce to kai ne mijinta. Kuma shi ɗin ne ya riƙe ta har mutuwa, a wani gari mai nisa. Ba ta haihu ba. Yakan biyo ya ce can ma ta tara 'ya'yan mutane a ƙofar gida, can ma an yi rigima da ita. Har ta tsufa, ƙafa ta kumbura, ta koma juya keke da hannu. Ba mu sake haɗuwa ba. Rasuwarta ma a bakinsa muka ji, bayan an binne.

Ranar da za ta tafi, da safe ne, uwarki ta riga ta wuce makaranta, don Mazari ta ce ita ba ta son koke-koke. An ɗaure keke a bayan mota. Ni ina tsaye a ƙofar gida, don in tabbatar ba ta haɗa da tukunyata ba. Ta hau gaba ta harɗe kamar motar ubanta. Na ce, to, Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa wannan ya fi na baya daɗewa. Ta yi dariya. Direba ya ta da mota, sai ta leƙo ta taga ta yafito ni. Na matsa, na ɗauka sallamar arziki za ta yi mini. Ta ce:

"Matar yaya, takalmin uwar ɗakina na hagu zai riƙa cinyewa kafin na dama. Na san ki da maƙo. Kar ki ce ta rage yawo, ki sayi wani."